Kamfanonin Turai da ruwan famfon biranen Sin: wa ya ci ribar wa?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, na ga gara in kawo shi nan, tunda muna da injiniyoyi da lauyoyi da masu lissafin kuɗi. A 2002 kamfanin Faransa da yanzu ake kira Veolia ya sayi rabin kamfanin ruwan Pudong da ke Shanghai, kan kimanin yuan (kuɗin Sin) biliyan 2, da yarjejeniyar shekara 50. Ba tace ruwa kaɗai aka ba shi ba, har da bututun cikin gari da mita da karɓar kuɗi daga hannun jama'a. Wannan fa a ƙasar da gwamnati ba ta sakin komai da wasa. Me ya kai su miƙa wa baƙo abin da mutum ba ya kwana biyu babu shi? Kuma yau da aka haura shekara 20, wa ya ci ribar wa?

Injiniya Lawal:
Wa alaikumus salam Malam. Larura ce ta kai su. Pudong ɗin nan kafin 1990 yawancinsa gonaki ne da rumbunan ajiye kaya a tsallaken kogin Huangpu. Cikin shekara goma benaye suka tsiro kamar ciyawar damina. Haka kusan duk manyan biranensu. Zuwa 2011 mazauna birane sun haura rabin al'ummar ƙasar, a ƙidayar 2020 kuma sun kusa kashi 64 cikin ɗari. Birni na iya girma cikin dare ɗaya, amma bututu ba ya shimfiɗa kansa. Kamfanonin ruwan gwamnati na wancan lokaci ma'aikata sun yi musu yawa, kuɗin ruwa ya yi araha har ba ya biyan kuɗin tace shi, ga tsofaffin injuna. Suna buƙatar jari, suna buƙatar wanda ya iya aikin. Turawan nan kuwa sun shekara sama da ɗari suna wannan sana'a, domin kamfanin da ya zama Veolia tun 1853 aka kafa shi.

Kwamared Sani:
Injiniya, kullum da wannan waƙar ake farawa: babu kuɗi, babu gwaninta. Ƙarshenta talaka ne zai biya. Ruwa ba haja ba ne. Wanda bai ga dama ba zai iya ƙin sayen waya ko mota, amma wa zai ƙi shan ruwa? Kuma unguwa ɗaya bututu ɗaya ne, ba ka da wani wurin zuwa. Duk wanda ka damƙa wa wannan bututun ka damƙa masa maƙogwaron jama'a.

Barista Nafisa:
Kwamared, maganarka tana da ƙarfi, amma a Sin ba haka lamarin ya kasance ba, kuma a nan ne labarin ya bambanta da na wasu ƙasashe. Kamfani bai taɓa samun ikon yanka farashi ba. Hukumar farashi ta birni ce ke yankawa, bayan an duba abin da kamfani ya kashe, an kuma yi zaman sauraron ra'ayin jama'a. Baƙo ya sa kuɗinsa, ya kawo mutanensa, amma ranar da yake son ƙarin ko da ƙwandala sai ya rubuta takarda ya jira. Wani lokaci ya jira shekaru, domin babu magajin garin da ke son a ce a zamaninsa ruwa ya yi tsada.

Sannan ƙofar ma a hankali aka buɗe ta. Kafin 2002 baƙo matatar ruwa kawai zai iya ginawa, ya sayar wa kamfanin birni ruwan a dunƙule, bututun cikin gari haramiyarsa ne. Bayan ƙasar ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a ƙarshen 2001 aka sassauta, amma da sharaɗin cewa a manyan birane ɗan ƙasa ne zai riƙe rinjaye a harkar bututu. Sai a 2020 aka cire wannan sharaɗi ga biranen da mutanensu suka haura dubu 500.

Baba Isa:
'Yata, ki yi mini bayanin wannan na farkon. Mutum ya gina matata da kuɗinsa a ƙasar wasu, ta zama tasa ke nan har abada?

Barista Nafisa:
A'a Baba. Tsarin shi ne ka gina, ka gudanar na wasu shekaru, ka miƙa. Misalin da ya fi shahara shi ne na Chengdu. A 1999 kamfanin Faransan nan da Marubeni na Japan suka karɓi aikin gina matata mai tace lita miliyan 400 a rana, na shekara 18. Birni ya yi alkawarin sayen ruwan, wa'adi na cika matatar ta koma hannunsa.

Hajiya Rabi:
Barista, ki ƙarasa wa Baba, domin a cikin wannan alkawarin ƙayar take. Irin waɗannan yarjejeniyoyi suna cewa ko birni ya ɗauki ruwan ko bai ɗauka ba, sai ya biya kuɗin adadin da aka rubuta. To a duba lissafin. Kamfanin birni yana sayen ruwa daga baƙo a farashin da aka ɗaure da yarjejeniya, yana sayar wa jama'a a farashin da siyasa ta danne. Tsakanin nan wani kaso ya zurare ta fasassun bututu, ba wanda ya biya. Giɓin wa zai cike? Kamfanin birni. Wato baƙo ya ɗauki tsokar, ya bar wa mai gida ƙashin. Ni aikina duba littattafan kuɗi ne, kuma duk cinikin da na ga riba ta taru a gefe ɗaya, haɗari ya taru a ɗaya gefen, na san ba zai yi tsawon rai ba.

Barista Nafisa:
Bai kuwa yi ba, Hajiya. A shekarun 1990 birane da yawa sun sa hannu a kan takardun da suka tabbatar wa baƙo ribar da aka yanke tun farko, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. A watan Satumba na 2002 majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da umarni cewa a warware duk irin waɗannan, a sake tattaunawa ko a saye su. Thames Water na Ingila, wanda ke da matatar Dachang a Shanghai tun tsakiyar shekarun 1990, ya sayar wa birnin kasonsa a 2004 ya fita.

Injiniya Lawal:
To kun ji. Wannan ai shi ne ɗaya gefen da Kwamared ba ya son gani. Kamfani ya kawo miliyoyin daloli bisa takardar da hukuma ta sa wa hannu, rana ɗaya aka ce takardar ba ta aiki. Ni ban ce tsohon tsarin adalci ba ne, amma wanda ya ci ladan kuturu ai ya kamata ya yi masa aski. Su biranen da idonsu a buɗe suka sa hannu.

Kwamared Sani:
Ni kuwa a wurina wannan umarni na 2002 shi ne abu mafi kyau a duk labarin. Gwamnati ta ga an cuci jama'arta ta ce ya isa. Ƙasashe nawa ne ke da wannan ƙarfin halin? Ajantina ta soke kwangilar Suez, wani kamfanin ruwa na Faransa, a Buenos Aires a 2006, aka yi ta jan ta a kotunan sasanci na duniya shekara da shekaru.

Barista Nafisa:
Ba ƙarfin hali kaɗai ba ne Kwamared, girman kasuwa ne. Kamfanin da ke hangen birane ɗari a gabansa ba zai kai ka ƙara a kan birni ɗaya ba. Ka lura, a shekarar da aka hana tabbatacciyar riba, a shekarar aka ba Veolia Pudong, kuma a ita ce Suez da abokin haɗin gwiwarsa na Hong Kong suka shiga Chongqing. A ƙarshen 2003 aka sayar da kashi 45 na kamfanin ruwan Shenzhen. Saƙon a fili yake: ku shigo, amma mu ci tare mu yi asara tare. Ƙaramar ƙasa mai babban birni ɗaya tak ba ta da wannan sandar a hannunta.

Hajiya Rabi:
Sai dai sabon tsarin ma ya zo da tasa cutar, kuma ita ce ta fi damuna. Mu ɗauki Lanzhou. A 2007 aka kammala cinikin kashi 45 na kamfanin ruwan birnin. Veolia ya taya yuan biliyan 1.71. Sauran masu tayi ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ba su kai ba. Gwamnatin birni ta yi murna, an ce an sayar da kadarar jama'a da daraja.

Ni tambayata ɗaya ce: kamfani sadaka ya zo yi? Duk kuɗin da ya zuba a ranar ciniki ya riga ya lissafa yadda zai dawo masa cikin shekara 30, kuma hanya ɗaya ce zai biyo, wato takardar kuɗin ruwa. Ashe ke nan tayin mai tsoka bashi ne birni ya ci da sunan jama'a, su kuma za su biya da kaɗan-kaɗan ba tare da an tambaye su ba. Idan kuma hukuma ta hana ƙarin farashi, kamfani zai nemi inda zai rage kashewa, kuma abin da ido ba ya gani shi ake fara bari: gyaran abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya kamata a tambaya a irin wannan ciniki ba nawa aka saya ba ne. Nawa ne daga ciki ya shiga bututu da injuna, nawa ne ya tafi wasu ayyukan gwamnati? A kan wannan aka yi ta ka-ce-na-ce a cikin Sin kanta a lokacin, ba mu muka fara ba.

Mustapha:
Hajiya, Lanzhou da kika ambata ai ita ce aka samu matsalar nan a 2014. Ina karatu a Sin daga baya, a wani birni daban, kuma har lokacin malamanmu suna kawo ta misali a aji. A watan Afrilu aka gano sinadarin benzin mai guba a ruwan famfo, ya kai ninki 20 na abin da doka ta yarda. Mutum sama da miliyan 2 abin ya shafa, aka wawashe ruwan roba a kantuna.

Kwamared Sani:
Ga shi nan. Ina gwanintar da aka ce an saya?

Injiniya Lawal:
A yi adalci, Kwamared. Gubar ba daga matatar ta fito ba. Bincike ya danganta ta da malalar mai daga harkar kamfanin man gwamnati da ke maƙwabtaka, ta jiƙe ƙasar wurin, ta kutsa cikin wata tsohuwar magudanar kankare da ke kai ruwa tsakanin matatu biyu. Magudanar tun shekarun 1950 take.

Hajiya Rabi:
Injiniya, ka ƙarfafa maganata ba ka sani ba. Shekara bakwai bayan an biya biliyan 1.71, ruwan birnin yana bin magudanar da ta haura shekara hamsin, a gefen masana'antar mai. Ko laifin kamfani ne ko na birni mai kashi 55, kuɗin bai je inda ya kamata ba. Sannan an soki jinkirin sanarwa, domin an ga alamar tun 10 ga wata, jama'a ba su ji ba sai washegari. Uwar da ta dama wa jaririnta madara da wannan ruwan a daren ba ruwanta da wa ke da kashi nawa.

Injiniya Lawal:
Wannan na karɓa. Jinkirin sanarwa ba shi da uzuri, ko wa ya jawo shi. Abin da zan ƙara shi ne abin da ya biyo baya. Birnin ya dogara ne da mashaya ɗaya a Rawayen Kogi. Bayan abin ya faru aka ja sabuwar hanya daga madatsar Liujiaxia, kuma aikin gwamnati ne. Haka a Shanghai, tafkin Qingcaosha da ke bakin kogin Yangtze, wanda ya rage dogaro da Huangpu, hukuma ce ta gina. Babban aikin janyo ruwa daga kudu zuwa arewa, wanda layinsa na tsakiya ya fara kai ruwa Beijing a Disamban 2014, shi ma haka. Manyan ayyukan da ba sa mayar da kuɗi da wuri babu kamfanin da zai taɓa su. Shi ya sa nake cewa duk mai tunanin baƙo zai ɗauke wa gwamnati nauyin ruwa gaba ɗaya yana ganin kitse ne a rogo. Baƙo yana iya gyara yadda ake gudanarwa, shi ke nan.

Baba Isa:
To Injiniya, wannan gyaran gudanarwar da kake ta faɗa, mene ne shi takamaimai? Mu da ba mu yi karatun ba mu gane.

Injiniya Lawal:
Ranka ya daɗe, abubuwa ne marasa ƙyalli amma su ne aikin. Na farko sanin inda bututunka suke, domin tsofaffin kamfanoni da yawa taswirarsu tana kan wani dattijon ma'aikaci ne, ranar da ya yi ritaya ta tafi da shi. A zuba ta a kwamfuta, kowane bututu da shekarunsa da abin da aka yi shi da shi. Sai a yanka gari unguwa-unguwa, a sa babbar mita a bakin kowace. Da tsakar dare, lokacin da kowa ke barci, in ka ga ruwa na ci gaba da shiga unguwa da yawa, ka san akwai inda ya fashe. A bi da na'urar sauraro a gano wurin ba tare da an farfasa titi duka ba. A rage ƙarfin turin ruwa da dare don kada bututu su riƙa fashewa. A kafa ɗakin gwaji na gaske. A sa lambar waya da in mutum ya kira za a ɗauka. Duk litar da ka hana zurarewa lita ce da ka riga ka kashe wuta da magani a kanta, ta fi sabuwar matata araha nesa ba kusa ba.

Ga kuma dokar inganci. Ma'aunin ruwan sha na 2006 ya ɗaga abubuwan da ake gwadawa daga 35 zuwa 106, ya fara aiki gaba ɗaya a 2012. Wannan tsallen ya buƙaci kayan aiki da horo, kuma a nan kamfanonin waje sun taka rawa.

Mustapha:
Amma Injiniya akwai wani wuri da duk wannan ba ya kaiwa. A dogayen benaye ƙarfin famfon gari ba ya kai ruwa sama, sai an tara shi a tanki a ƙasa ko a rufi, a sake turawa. Wannan tankin galibi ba a hannun kamfanin ruwa yake ba, a hannun masu kula da ginin yake. A gidan da na zauna sai da muka yi ta kai ƙorafi kafin a wanke namu, ruwan har ya fara canza launi. Ruwa ya bar matata tas, ya lalace taku hamsin kafin bakinka. Kuma duk wanda na sani a can tafasa ruwa yake kafin ya sha, ko baƙo ne ke gudanar da ruwan garin ko ɗan gida. Sai dai an fara mayar da kula da tankunan hannun kamfanonin ruwa a wasu birane, Shanghai na ciki.

Ummu Safiyya:
Ina bin ku tun ɗazu ban ce komai ba. Ni damuwata mai ƙaramin ƙarfi. In dole farashi ya tashi don a gyara bututu, shi ina zai sa kansa?

Barista Nafisa:
Yaya, abin da suka yi shi ne farashi mai hawa-hawa. An umarci birane su shimfiɗa shi kafin ƙarshen 2015. Matakin farko, wanda aka auna ya ishi yawancin gidaje, yana da sauƙi. Wanda ya wuce nan ya biya ƙari, wanda ya wuce na biyu ya biya ninki. Raunin tsarin shi ne mita gida take ƙirgawa, ba kawuna ba. Gida mai mutum takwas zai haura mataki tun kafin mai kuɗin da ke zaune shi kaɗai, sai dai in birni ya yi tanadin ƙara wa manyan iyalai kaso, kamar yadda wasu suka yi.

Malam Habu:
Na ƙaru ƙwarai. Amma bari in ja ku waje kaɗan. Kamfanonin nan dai su ne suka shiga Manila da Jakarta a kusan lokaci ɗaya. Me ya sa can abin ya fi muni?

Hajiya Rabi:
Canjin kuɗi, Malam. An raba Manila gida biyu a 1997. Ɓangaren yamma, inda Suez ke da hannu, shi ya gaji kusan kashi 90 na tsohon bashin hukumar ruwa, yawancinsa na kuɗin waje. A shekarar rikicin kuɗi na Asiya ya faɗo, peso ya karye. Kana karɓar peso a hannun jama'a kana biyan bashi da dala, ina za ka kai? Daga baya kamfanonin gida suka karɓe. Jakarta kuwa an miƙa ta ne a 1998 ga Suez da Thames Water, ba tare da gasar tayi ba, ta hannun makusantan Suharto, shugaban Indonesiya na lokacin, watanni kaɗan kafin ya sauka. Shekara 25 suka cika, a farkon 2023 kamfanin birni ya karɓi abinsa, har lokacin kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna ba su da famfo, suna haƙar ruwan ƙasa, birnin yana nutsewa.

Kwamared Sani:
Har Paris, mahaifar kamfanonin, ta karɓe ruwanta a 2010. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya Lawal:
Ta karɓe ne domin tana da ma'aikatan da za su iya. Abin da Sin ta yi ke nan a nata salon. Yau manyan masu harkar ruwa a can 'yan gida ne, irin su Beijing Enterprises Water da Beijing Capital, masu samun bashi mai sauƙi daga bankunan gwamnati. Baƙo ba zai iya gasar tayi da su ba. Shi ya sa Turawan suka fi karkata zuwa inda aikin ke da wuya: dagwalon masana'antu, shara mai guba, sake tace ruwan da aka yi amfani da shi. Kamfanonin haɗin gwiwar nan makaranta suka zama, injiniyoyin da aka horar a ciki da yawa sun watsu cikin kamfanonin gida.

Kwamared Sani:
To in makaranta ce, me ya sa kuɗin makarantar zai ɗauki shekara 50? Abin da za a koya cikin shekara biyar ko goma, a ɗauki ƙwararru haya a biya su ladansu mana. Yarjejeniyar Pudong sai 2052 za ta ƙare. Yaron da aka haifa ranar da aka sa hannu zai yi furfura yana biyan rabin ribar ga masu hannun jari a wata nahiya.

Barista Nafisa:
Tsawon wa'adin farashin jarin ne, Kwamared. Wanda ka ɗauka haya ba ya kawo biliyan 2, kuma ba ya asara in aiki ya lalace. Amma na yarda da kai a kan abu ɗaya: babu lauyan da zai iya rubuta takardar da za ta hango shekara 50. Abin da ke riƙe irin wannan aure shi ne hukumar da ke sa ido, ta iya karanta littattafan kamfani, ta iya gwada ruwan da kanta. Kuma a nan ina da damuwa da tsarin Sin. Birnin da ke sa ido shi ne kuma mai rabin kamfanin. Alƙali ne kuma mai ƙara. Ranar da abu ya lalace, wa zai tona wa?

Hajiya Rabi:
Lanzhou ta amsa miki wannan, Barista. Waɗanda suka nemi kai ƙara a kan ruwan mazauna birnin ne da kansu, kuma da farko kotu ƙin karɓar takardarsu ta yi.

Ummu Safiyya:
Injiniya, tambaya ɗaya ta rage mini. Gwajin ingancin ruwan nan, sakamakonsa wa ake nuna wa? Mai shan ruwan yana iya gani a ranar, ko sai kamfani da hukuma sun gama shawara tsakaninsu?

Injiniya Lawal:
Manyan birane suna wallafa sakamako a shafukansu lokaci-lokaci, Yaya, amma ba duka ake gwadawa kullum ba. Kaɗan ne na kowace rana, irin su dushewar ruwa da ƙwayoyin cuta da ragowar maganin kulorin. Cikakken gwajin sai bayan watanni. Kuma ana ɗiban samfur ne a matata da wasu zaɓaɓɓun famfuna a gari, ba a tankin da Mustapha ya ba mu labari ba.